A Ba Talakawa Ikon Yi Wa Gwamna Kiranye

Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta rahotonku kan muhawarar yi wa gwamna kiranye, batun da ake ta tafkawa a majalisunmu na Agege.

Sashe na 69 da na 110 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 sun ba mu damar kiranyen 'yan majalisa kaɗai. Gwamna kuwa, sai Majalisar Jiha ta tsige shi bisa sashe na 188. A Legas, mutum 40 ke riƙe da wannan wuƙa, akasarinsu 'yan jam'iyyar gwamnan. Wa zai tsige ubangidansa?

Ina kira ga Majalisar Tarayya ta gyara kundin, a bar mana mu masu ƙuri'a mu yanke hukunci ta ƙuri'ar raba gardama ƙarƙashin INEC.

Naku,
Mai karatu daga Agege, Legas