Rahoton Ayyukan Shekara ga Membobi: Shekarar Ketsal da Danginsa

'Yan uwa membobi, assalamu alaikum. Barkanmu da ganin ƙarshen shekara lafiya.

A babban taron bara kun yanke shawarar a ware wannan shekara ga dangin tsuntsaye guda ɗaya, a bar tsalle daga reshe zuwa reshe kamar yadda muka saba. Aka zaɓi dangin turogon, wanda ketsal, tsuntsun Amurka ta Tsakiya mai koren jiki da jan ƙirji, yake cikinsa. Wasu sun yi ƙorafi a lokacin, suna cewa ina ruwanmu da tsuntsun da yawancinmu sai a hoto muka san shi. Kwamitin gudanarwa ya ji ƙorafin, ya kuma riƙe shi a rai har ƙarshen shekara. Ga yadda aikin ya gudana.

Zaman karatu na wata-wata shi ya ɗauki mafi yawan ƙarfinmu. Mun fara da jikin tsuntsun. Dangin ya ƙunshi nau'i sama da 40 da ke zaune a kurmin ƙasashe masu zafi na nahiyar Amurka da Afirka da Asiya, kuma mafi yawansu a nahiyar Amurka suke. Abin da ya raba su da kowane tsuntsu a duniya yana ƙafa. Aku yana da yatsu biyu gaba, biyu baya, kuma na farko da na huɗu ne ke kallon baya; shi turogon na farko da na biyu ne, kuma babu wani dangi da ke da wannan tsari sai shi. Ƙafar ma ba ta da ƙarfi, da ƙyar yake iya juyawa a kan reshe ba tare da ya buɗe fiffike ba. Fatarsa siririya ce ƙwarai, gashin kuma yana zubewa da an taɓa shi. Sunan daga harshen Girka ya fito, ma'anarsa mai gwaguya, saboda yadda yake ƙwaƙule rami da baki don yin sheƙa. To amma bakin ba na sassaƙa ba ne. Sai itacen da ya ruɓe ya yi laushi yake iya haƙawa, wasu nau'o'in kuma su shiga gidan gara ko na rina da ke maƙale a bishiya. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Daga nan muka shiga ketsal, kuma a nan muka daɗe fiye da yadda aka tsara. Ana samunsa daga jihar Chiyafas ta kudancin Meziko har zuwa yammacin Panama, a kurmin kan duwatsu inda gajimare ke sauka cikin itatuwa kusan kullum. Masanin Meziko Pablo de la Llave ne ya raɗa masa sunan kimiyya a 1832, Pharomachrus mocinno, don tunawa da masanin halittu José Mariano Mociño. Dogayen gasun nan na namiji da kowa ke kira wutsiya, ashe gasun saman gindi ne da suka rufe wutsiyar, suna iya wuce santimita 60. Koren launin gashin ma babu rini a cikinsa. Ƙananan sassan gashin ne suka jeru yadda suke karya haske, shi ya sa tsuntsun kan koma shuɗi ko ruwan zinariya idan ya juya.

Ɓangaren tarihi ya jawo mahawara mai daɗi. Mutanen Maya da Aztek, tsoffin al'ummomin yankin, sun ɗauki gasun nan a matsayin dukiyar sarauta, sukan kama tsuntsun, su fige dogayen gasun, su sake shi, kuma kashe shi babban laifi ne. Rawanin gashin da ake dangantawa da Moktezuma, sarkin Aztek, yana gidan tarihi a Biyana ta ƙasar Ostiriya har yau. A Guwatamala kuwa ana ba da labarin cewa jan ƙirjin ketsal jinin jarumin Maya Tecún Umán ne, wanda ya faɗi a yaƙi da Sifaniyawa a 1524. Tsuntsun yana tambarin ƙasar tun 1871, kuma kuɗinta da aka fara kashewa a 1925 sunansa ketsal. Kyuba da Haiti su ma kowace tana da turogon nata a matsayin tsuntsun ƙasa.

Duk da wannan girmamawa, hukumar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa ketsal cikin jerin waɗanda ke dab da shiga barazanar ƙarewa, kuma yarjejeniyar CITES kan cinikin dabbobi da tsirran daji ta haramta cinikinsa tsakanin ƙasashe. Zaman da ya fi kowane amfani a wannan shekara, a ganin kwamiti, shi ne wanda muka tambayi dalili.

Amsar ta kai mu ga abubuwa biyu da ba su taɓa fitowa a hotunan da muke yaɗawa. Na farko shi ne mataccen itace. Masanin tsuntsaye Alexander Skutch ya yi zaman haƙuri yana lura da sheƙar ketsal a Kosta Rika, ya wallafa abin da ya gani a 1944. Ƙwai biyu ne masu launin shuɗi-shuɗi, kwanci kusan kwana 18, mace da namiji suna karɓa-karɓa, kuma duk wannan a cikin ruɓaɓɓen kututture yake faruwa, irin wanda manomi ko mai neman itacen wuta zai fara sarewa. Kurmi zai iya zama kore shar, cike da itatuwa masu rai, ketsal ya rasa inda zai yi ƙwai. Shi ya sa aka gwada rataya sheƙun hannu a wasu wurare.

Na biyu shi ne gangaren dutse. Ketsal yana cin 'ya'yan itatuwan dangin abokado na daji, ya haɗiye ɗan gaba ɗaya, bayan ɗan lokaci ya amayar da ƙwallon a wani wuri. Da haka yake shuka abincin jikokinsa. Sai dai itatuwan ba sa nuna lokaci ɗaya a kowane tudu. George Powell da Robin Bjork sun ɗaura wa tsuntsayen ƙananan na'urorin rediyo a Monteberde, gandun dajin Kosta Rika da aka kafa a 1972, suka wallafa sakamakon a 1995: da an gama kiwon 'ya'ya, ketsal kan bar gandun ya gangaro ƙasa neman abinci, zuwa filayen da aka riga aka mayar makiyaya da gonakin kofi. Wato an killace ɗakin kwana, an bar rumbu a waje. Wannan binciken ya sa masu kula da muhalli suka koma maganar haɗa kurmin sama da na ƙasa ta hanyar shuka itatuwa a tsakani. A Monteberden dai aka lura gajimare yana ƙara hawa sama, tsuntsun tukan mai babban baki, wanda ke cin ƙwai da 'ya'yan wasu tsuntsaye, yana haurowa zuwa inda a da ba ya kaiwa, kuma kwaɗon zinariya na wurin ba a sake ganinsa ba tun 1989.

Mun taɓo gandun Biotopo del Quetzal na Guwatamala da aka kafa a 1976, da El Triunfo na Chiyafas, a taƙaice.

Ga masu ƙorafin farko, ga rabonku. Afirka tana da turogon nau'i uku, kuma mafi yaɗuwa shi ne Narina, wanda Bafaranshe Levaillant ya sa wa sunan wata mace 'yar ƙabilar Khoikhoi. Membobinmu da ke kusa da kurmi sun fita nemansa, suka dawo da darasin da littattafai suka faɗa: tsuntsun kan juya wa mutum koren bayansa, ya ɓoye jan cikinsa, ya yi shiru kamar ganye. Kunne ne ke gano shi, da kukansa mai zurfi da yake maimaitawa. Shi ma a ramin itace yake ƙwai, don haka maganar mataccen kututture ta shafe shi kai tsaye. Abin da aka gani an shigar da shi eBird, rumbun bayanan tsuntsaye na intanet na Jami'ar Cornell, kuma mun shiga Global Big Day, ƙidayar tsuntsaye ta duniya ta rana guda da ake yi a watan Mayu. Muna roƙon masu shigar da bayanai su daina rubuta abin da suke zato. In ba ka tabbatar ba, ka ɗauki sautin ka kawo zama a saurara tare.

Akwai inda muka gaza. Ɗan littafin Hausa da aka yi alkawari bai kammalu ba, kuma laifin na kwamiti ne, domin mun ɓata watanni muna jayayya kan ko a rubuta ketsal ko kwetsal. An tsaya a kan ketsal, don shi ya fi kusa da yadda masu tsuntsun ke furta shi. Jaridarmu ta membobi ta makara, kuma da muka duba abin da muka wallafa a kafafen sada zumunta, kusan duka hotunan namijin ketsal ne yana sheƙi. Ba mu nuna macen ba, ba mu nuna kututturen ba.

Ma'aji zai gabatar da lissafin kuɗi daban a babban taro. Masu bashin kuɗin wata su taimaka su biya kafin ranar.

Kwamiti zai kawo shawara biyu gabanku don ƙuri'a. Ɗaya, a buɗe littafin da babin sheƙa da abinci, a mayar da babin ado da tarihi baya. Ɗayar kuma, a shekara mai zuwa duk wanda ya fita kallon tsuntsaye ya riƙa rubuta matattun itatuwan da ya tarar a tsaye, da ko akwai rami a jikinsu, da tsayin ramin daga ƙasa. Wanda ke da gyara ya aiko wa sakatare kafin taron.

Sakatare, a madadin Kwamitin Gudanarwa