Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga manajan garejin da ya canza mini shaf

Ranka ya daɗe Manaja, assalamu alaikum.

Sau uku ina zuwa ofishinka, kullum a ce ka fita, shi ya sa na rubuto a fili. Ban kama sunan kamfaninku ba, amma kun san motar: Toyota Camry ƙirar 2004, ruwan toka, wadda na kawo a canza mata shaf ɗin gaba na hagu, wato sandar ƙarfen da ke juya taya, saboda ƙas-ƙas ɗin da take yi in an sha kwana.

Shekara shida motar nan tana hannuna. Kullum in na murza makulli, wutar gargaɗin ABS, wato na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki da ƙarfi, kan kama na 'yan daƙiƙoƙi ta mutu, yadda aka ƙera ta. Ranar da na karɓo ta daga wurinku kuwa, ban kai gadar Dangi ba wutar ta kama, ta ƙi mutuwa. Na juyo. Yaronku ya jona wata 'yar na'ura a ƙasan sitiyari, ya ce ba ta nuna komai ba. Ashe matsalar inji kaɗai take karantawa, masu lambar da ke farawa da P, alhali na ABS da C suke farawa. A kan wannan "ba komai" ɗin babban bakanikenku ya yanke cewa famfon ABS ne ya mutu, in kawo kuɗi a sayo Beljiyam. Da na ce ba hali, sai ya ce to a zare ƙwan fitilar, ai birki na kamawa.

Wannan maganar ce ta fi ci mini rai. Birki na kamawa, haka ne, amma muddin wutar nan na kunne, abin da ke hana taya kullewa ya daina aiki. A makon nan aka yi ruwa da asuba, na ɗauko yara zuwa makaranta, mai adaidaita ya yanko mini a Kabuga. Na taka birki da ƙarfi, maimakon ya riƙa bugawa a tafin ƙafata yadda na saba, sai tayoyin suka ƙame, motar ta zame a kan jiƙaƙƙiyar kwalta, sitiyari ya ƙi jin magana. Allah ne ya kiyaye. Da na bi shawarar mutuminku, da ko gargaɗin ma babu, ni da duk wanda zai sayi motar bayana.

Wani dattijo mai wayarin a Ƙofar Ruwa ne ya gano abin, cikin ƙasa da awa guda. Na'urarsa ta nuna C0205, wato sensar tayar gaba ta hagu. Ya duba fis da man birki, lafiya lau. Ya ɗaga motar a jak, ya cire taya: sensa na nan, wayarta ba ta tsinke ba. Sai ya kama yatsana ya shafa a wuyan sabon shaf ɗin, na ji shi sumul. Ya ɗauko wani daga ƙarƙashin benci ya nuna mini zobe mai haƙora kewaye da wuyansa. Haƙoran nan sensa ke ƙirgawa ta san gudun taya. Naku babu zoben, don haka kwamfutar motar na ganin tayoyi uku na gudu, ɗaya na tsaye, sai ta kashe ABS ɗin ta kunna wuta. Famfon da kuka ce ya mutu ƙalau yake.

Na nemi tsohon shaf ɗina a gwada, aka ce 'yan gwangwan sun kwashe.

Ina neman ku sa mini shaf mai zobe da kuɗinku, ku mayar mini da kuɗin awon kwamfutar da kuka karɓa. Ku sayi na'urar da ke karanta birki, kuma don Allah ka hana ma'aikatanka zare wa mutane ƙwan fitila. Rasit ɗinku na hannuna, zan dawo ranar Asabar da hantsi.

Wassalam,
Mai Camry ruwan toka, daga Rijiyar Zaki, Kano