Koke kan wayarin wuta a shaguna da filazojin Jos ta Arewa

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ƙaramar Hukumar Jos ta Arewa.

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, mu ne masu haya a shagunan titin Bauchi, Dilimi da layin Masallacin Juma'a, teloli da masu sayar da ƙanƙara da masu gyaran waya, muka haɗu muka kawo kukanmu gare ka.

Maganar wayarin ce. Mai gini zai kashe miliyoyi a tayil da fenti amma da an zo kan wuta sai ya nemo yaro mai araha, a ja siririyar waya mai kauri 1.5 wadda ta ƙwan fitila ce a kai ta soket, alhali duk mai sana'ar ya san soket 2.5 yake so, AC da hita kuma sun fi haka. Tela ya jona dutsen guga, maƙwabcinsa ya jona firiza biyu, duk a layi ɗaya, ka dafa bangon ka ji ɗumi, wani lokacin har ƙaurin roba. Wani ginin ko bireka, wato makunnin da ke katse wuta da kansa in an yi mata lodi, babu, fis ne ya ƙone aka ɗaure shi da silin waya aka ci gaba da harka. Janareta kuma kai tsaye ake cusa wayarsa a soket. To in an dawo da wuta ƙarfe biyun dare, shago a kulle cike da atamfa, wa zai gani?

Mu mutanen Jos ba sai an ba mu labarin gobara ba, tun da babbar kasuwar Terminus ta ƙone a Fabrairun 2002 akwai iyayenmu da har yau ba su miƙe ba.

Kuma doka ai akwai ta. Akwai kundin ƙa'idojin gine-gine na ƙasa tun 2006, akwai NEMSA, hukumar tarayya mai sa ido kan aikin lantarki, da aikinta ne duba wayarin da kuma ba wa masu aikin lasisi, ga JMDB, hukumar raya birnin Jos, mai amincewa da zanen gini. Roƙonmu ka zauna da su da ƴan kwana-kwana a zagaya tsofaffin filazoji, kada a bar sabon gini ya karɓi ɗan haya sai mai lasisi ya gwada wayarinsa ya sa hannu. Kowane shago da birekarsa, kowane bene da tukunyar kashe wuta ta hoda, don ruwa ba a watsa shi kan lantarki, a kuma buɗe ƙofofin baya da aka toshe aka mai da su shago.

Amma don Allah kuɗin gyara a ɗora wa mai gini, kar a zo a garƙame mana shaguna mu da muka riga muka biya hayar shekara.

Allah ya taya ka riƙo.

Naka,
Ƴan kasuwa masu haya a Jos ta Arewa