Baba da Mama, Na Ajiye Aikin Lahadi

Zuwa ga Baba da Mama,

Gaisuwa mai yawa a cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, da fatan kuna lafiya, ku da Yaya da iyalinsa da Auta. Mama, yaya ƙafar? Ni ma lafiya lau nake, sai dai sanyi da ya shigo da ƙarfinsa.

Na zaɓi in rubuto ne, domin in na kira na ji muryar Baba, nauyi ba zai bar ni in faɗi abin da ke raina ba. Na ajiye aiki na biyu, wanda nake yi Asabar da Lahadi. Abin da nake aikowa zai ɗan ragu, ginin nan kuma ba zai kai rufi kafin Kirsimeti ba. Maganin Mama da makarantar Auta suna nan yadda suke, ko kusa ba zan taɓa su ba. Ginin ne kaɗai zai jira.

Akwai abin da na ɓoye muku. Wata bakwai cur ban taka ƙofar majami'a ba. Duk sanda Mama ta tambaye ni yaya sujada, sai in ce lafiya, in kawo wata magana. Ba wanda ya hana ni zuwa. Aikin Lahadi ya fi kuɗi, ni kuwa na sa wa raina sai na kamo sa'o'ina, waɗanda kullum ake ba ni labarin sun yi bene, sun sai mota. Ina tashi daga aikin awa 12 in faɗi kan gado da takalmi a ƙafa, addu'ata ba ta wuce "Ubangiji ka ƙara mini" ba. Ku gafarce ni ƙaryar da na yi muku.

Kun san a gidan kula da tsofaffi nake aiki. Akwai wani dattijo da na yi jinya, wanda aka ce a zamaninsa ba ƙaramin mai dukiya ba ne. Da ya rasu, ni aka sa in tattara kayansa. Akwati ɗaya suka cika: 'yan riguna, tabarau, agogo, da hotunan 'ya'yansa waɗanda sau ɗaya tak na ga sun zo. Ina ninke rigunan sai maganar Bulus a 1 Timoti 6:7 ta faɗo mini, cewa ba mu zo duniya da kome ba, ba kuwa za mu fita da kome ba. Tun ina yaro na haddace ayar nan a gabanka, Baba, amma sai ranar na gan ta da idona. Daren nan na kasa barci, na buɗe Luka sura 12. Mai arzikin nan da gonarsa ta yi albarka bai yi sata ba, bai cuci kowa ba. Rumbunansa kawai ya ce zai rushe ya gina manya, sa'an nan ya ce wa ransa ya huta, ya ci, ya sha. A daren aka karɓi ransa. Abin da ya fi taɓa ni shi ne mafarin labarin: wani ne ya roƙi Yesu ya sa ɗan'uwansa ya raba gādo da shi. Ashe tun a wancan zamani dukiya ke shiga tsakanin 'yan ɗaki ɗaya. Sai na tuna yadda hirata da Yaya ta koma lissafin bulo da siminti, har na manta rabon da in tambaye shi lafiyar yaransa.

Ba cewa nake kuɗi zunubi ne ba. Bulus ma son kuɗi ya kira tushen kowace irin mugunta, kuma shi ne ya ce wanda ya ƙi kula da iyalinsa ya fi marar bi muni. Zan ci gaba da aiki da gumina. Amma Matiyu 6:24 ba ta bar wata kafa ba, bawa ba ya bauta wa iyayengiji biyu, ni kuwa na san wanda nake tashi dominsa da asuba a watannin nan.

Baba, na san abin da ke ci maka tuwo a ƙwarya. Mutane suna tambaya, shekara nawa ɗanka a waje, me ya ajiye? Har a harabar majami'a ake wannan tambaya, abin da ya fi ba ni ciwo ke nan. Mun kai inda in mutum ya tashi ba da shaida, sai ta mota ko ta biza, kamar albarkar Allah ba ta da wata kama. A nan ma na ji mai wa'azin da ya ce talauci alamar rashin bangaskiya ce, a shuka iri a girbe ninki ɗari. To, Bulus da ya rubuta wa Filibiyawa daga kurkuku cewa ya san ƙoshi ya san yunwa, shi ma bangaskiyar ce ba shi da ita? Gehazi kuma fa? Ya bi Na'aman da gudu ya karɓo talanti 2 na azurfa da riguna, abin da maigidansa Elisha ya ƙi karɓa, ya koma gida da kuturta.

Ku karanta wa Auta wannan, tun da na ji hankalinsa ya tashi sai ya taho. Ƙanena, hotunan da kake gani a Facebook kada su ruɗe ka. Da yawa motar ta bashi ce, rigar ma da katin bashi aka saye ta, kuɗin ruwa na ta hawa mutum yana murmushi a hoto. Na san masu kwana huɗu a ɗaki ɗaya, amma in za su gida sai sun ci bashin da za su shekara suna biya, don kawai a ce sun iso. Zanen aro ba ya rufe katara. Ka gama karatunka tukuna, in Allah ya buɗe hanya ta gaskiya ni zan fara riƙe maka hannu.

Lahadin da ta wuce na koma sujada. Na zauna can baya don kunya, amma wata tsohuwa ta gane ni, ta riƙe hannuna ta ce sun yi ta sa ni a addu'a. Ban iya ce mata kome ba sai hawaye.

Mama, in kin durƙusa, ga roƙon da nake so ki riƙa yi mini, na Agur a Karin Magana 30:8-9: kada Allah ya ba ni talauci ko wadata, ya ba ni abin da zai ishe ni, don kada in ƙoshi in musunce shi, ko in rasa in yi sata. Baba, in ranka ya ɓaci kan maganar ginin, ka faɗa mini kai tsaye, zan saurara. Zan kira ran Lahadi bayan an taso daga sujada. A ce wa Yaya ya rufe sauran simintin da kyau kada danshi ya ɓata shi, a kuma gaishe mini da matarsa da yara.

Ni ne ɗanku mai ƙaunarku.