Barka da Sallah daga Teskoko, inda aka binne mana rago

Teskoko, ƙasar Meksiko
Daren Babbar Sallah

Assalamu alaikum. Inna, Baba, da kowa da kowa na gida, barkanmu da Sallah, Allah ya maimaita mana ta baɗi da rai da lafiya. Da fatan an sauko Idi lafiya, an yi yanka lafiya.

Yanzu ƙarfe 9 na dare a nan, ku kuwa 4 na asuba, ko zakaran gidan Kawu bai fara ba. Na san babu wanda zai karanta wannan sai rana ta take, sai an sauke raguna daga rataya an baje tabarmi an fara daddatsa nama. To Auta, ki wanke hannu ki karanta wa Inna a hankali, kada ki tsallake ko layi ɗaya, na san halinki.

Na je Idi. Tun da duhu na hau bas zuwa babban birnin, tafiyar awa ɗaya da wani abu, sanye da shuɗiyar shaddar nan da Baba ya ɗinka mana ni da Yaya. Duk motar ni ake kallo. Wata tsohuwa har ta tambaye ni ko limamin coci ne ni. Babu hutu, yara na ta tafiya makaranta da jakunkunansu, masu shaguna na ɗaga ƙofofi, ba wanda ya san yau wata rana ce. Ba laifinsu ba ne. A ƙidayar da suka yi a 2020 mutanen ƙasar miliyan 126 ne, Musulmin ciki kuwa ba su kai dubu goma ba. Da filin Idinmu na Zariya za a kai su, sai a ce ina sauran mutane. Amma mun yi kabbara, mun rungumi juna, Balarabe da ɗan Pakistan da ɗan Senegal da 'yan ƙasa da suka musulunta, har wani ya raba dabino.

Yanzu ga labarin rago. Tawa layyar dai tana wajen Yaya, na ga hoton, Allah ya karɓa, ko da yake a hoton ya fi kama da tunkiyar da ta yi jinya. A nan abokin aikina ɗan Pakistan ne ya yi layya, muka raka shi wani ƙauye a gindin dutse, ya yanka da hannunsa. Sai muka miƙa wa wani dattijo wanda sana'arsa ke nan tun kakanninsa. Garin nan Teskoko ya yi suna a kan wani gashin rago da suke kira barbakowa, ranar Lahadi mutane har daga babban birni suke cika motoci su zo ci. Ba a biki ko suna ko baftisma a yankin nan a ce an fita kunya ba tare da shi ba.

Inna, rami ne. Rami sosai, zurfinsa ya kai ƙugun mutum, an jere cikinsa da duwatsu. Tun rana ya cika shi da itace ya hura, har duwatsun suka yi ja. Sai ya sa wata babbar tukunya a ƙasa da ruwa da albasa da barkono da shinkafa da wani wake mai kama da gurjiya, ya ɗora ƙarfe a kanta. Akwai wani tsiro a nan, magei, kamar kan abarba amma ya fi mutum tsayi, ganyensa kauri kamar fatar sa. Ya babbaka ganyen har ya yi laushi, ya shimfiɗa a ramin, ya jera naman a kai, gishiri kawai, ya naɗe. Tumbin kuma ya wanke ya cusa masa hanji da huhu da hanta da jan barkono ya ɗaure bakin, wannan shi ne pansita. Ya rufe, ya kawo ƙasa ya mayar, ya daddanna da ƙafa. Ina tsaye ina kallo aka binne rago sukutum ranar Sallah. Sai gobe da sassafe za a tone. Romon da ke ɗiga cikin tukunyar ƙasan nan dare guda, shi ake fara sha, kuma na taɓa ganin yadda naman yake fitowa, ƙashi da kansa yake zarewa.

To amma ba ƙamshi. Wannan shi ne abin da ya karya mini zuciya yau. Na dawo ina tafe a layinmu da la'asar, ina ta jan hanci kamar wanda mura ta kama, babu komai sai ƙamshin ƙasa da ruwa ya daka. A gida war haka ko makaho aka kawo Tudun Wada ya san Sallah ce. Hayaƙi daga kowane gida, ƙaurin kai da ƙafa da yara ke babbaka a waje, sannan ƙamshin kayan ciki a kaskon Inna. Na tuna yadda kike zama a 'yar kujerar nan, kin ɗaure ɗankwali ta baya, kina naɗa hanji a jikin kitse ɗaya bayan ɗaya, mu kuma muna zagaye kamar ungulu, kina kora mu da ludayi. Da wanda ya fi kowa ƙona baki, ba sai na faɗi suna ba, yana nan yana ji.

Na kasa haƙura. Kafin a rufe ramin na roƙi dattijon ya ba ni kitsen da 'yar hanta, ya dube ni yana mamakin abin da zan yi da su. Na kawo gida na shiga kicin ɗin tsohuwar da nake haya a wajenta, wadda nake ce wa Gwaggon Teskoko, na yanyanka na ɗora a wuta kaɗan kaɗan kamar yadda kike yi, na jefa albasa da citta. Da ya fara narkewa ƙamshin ya taso, wallahi sai da na fita tsakar gida na tsaya. Na ce mata hayaƙi ne ya shiga mini ido. Murhun gas ne, ba ya hayaƙi, ita ma ta sani, ba ta ce komai ba.

Kakide rabin kwalba na samu. Rabin kwalba! Ke da kike cika bokitin fenti biyu, a yi ta sa wa a wake da shinkafa da ɗanwake da dambu har bayan Cika-ciki, a ƙarshe a kankare gindin a ba Gwaggo. Yana nan kan tebur gabana ya fara daskarewa, ina rubutu ina kallonsa.

Abin dariyar shi ne su ma mutanen nan 'yan kakide ne, sai dai nasu na alade ne, manteka suke ce masa, kuma ba inda ba ya shiga. Wake, shinkafa, wani burodin ma. Kalmar da na fara koya ke nan bayan gaisuwa. Babban abincin bikinsu, tamal, da shi ake yi. Kamar tubani yake ko alala, amma na masara. Sai an dafa tsabar masarar da farar ƙasa irin ta shafen bango, ta kwana, a wanke a niƙa, dabarar da ta sa tuwonsu yake danƙo yake kuma ƙara amfani a jiki, mu da muke aikin masara kullum zancenta muke. Sai a buga ƙullun da kitsen nan, a yi ta bugu har in an gutsuri kaɗan an jefa a ruwa ya taso sama. A shafa a ɓawon masara, a sa miya da nama a tsakiya, a naɗe, a turara fiye da awa ɗaya. Suna jefa kwabo a ruwan ƙasan tukunyar, muddin ana jin ƙararsa akwai ruwa, in ya yi shiru a ƙara. Kuma sun ce in mai girkin tana fushi ba zai nuna ba ko ya kwana a wuta. Baba, ka ji hujjar da za ka riƙa kafawa.

Ni har bashin tamal na ci. Ranar 6 ga Janairu suna yanka wani zagayayyen burodi da aka ɓoye 'yar tsana a ciki, duk wanda ta faɗo a rabonsa shi zai ciyar da jama'a tamal ranar 2 ga Fabrairu. A wajen aiki aka yanka, na ciza, na ji abu a haƙori, aka sa ihu da tafi. Gwaggon Teskoko ce ta fid da ni, ta yi mini guda 60 da man gyaɗa da kaza, tana yi tana mita wai wannan ba tamal ba ne, abincin asibiti ne. Ɗazu da ta shinshina kwalbata ta ce ranar Lahadi za mu gwada da shi, ko da yake tana tsoron kitsen rago zai kama dasashi in ya huce. Na ce mata mu da zafinsa muke ci.

Kowane biki nasu da tukunyarsa. Daren 15 ga Satumba na 'yancin kai, faten masara mai manyan ƙwayoyi, pozole. Farkon Nuwamba su jera wa mamatansu abincin da suke so da rai. Kirsimeti kuma busasshen kifi mai gishiri da wata baƙar miya, mole, wadda ake haɗa abu fiye da 20 a ciki har da cakulan. Na ci da kaza. Ba zan yi ƙarya ba, cokali na farko na rasa ko miya ce ko alewa, na uku kuma na nemi ƙari.

Auta, wannan naki ne, ke mai sana'ar zoɓo. Zoɓonmu ne abin shan ƙasar nan, hamaika suke ce masa, kowane gidan abinci da tulun gilashinsa ja wur, kusa da na tsamiya. A kasuwa mai sayarwa ya nuna mini buhu biyu, na jiharsu Gerero mai tsada, da mai sauƙi wanda ya ce daga Najeriya yake. Na ɗebo na shinshina, na ce wa kaina ƙila daga Maigatari ka taso, ni daga Samaru, ga mu mun haɗu. A dararen tara kafin Kirsimeti, daga 16 zuwa 24 ga Disamba, da zafi suke shansa, sunansa ponce. A tafasa ruwa da mazarƙwaila, wallahi irin tamu sak, sai dai tasu kamar ƙaramar hula aka zuba ta, da kirfa da zoɓo da tsamiya, sannan a zuba gwaiba da tuffa da rake da aka fere aka tsaga siri siri, da wani ɗan itace nasu mai kama da kanya, a bar shi ya yi kamar awa guda. Ana sha ana tauna raken. Ki gwada lokacin hunturu. Manya sukan tsiyaya giya a nasu, wai pikete, harbi ke nan. Daren farko aka tambaye ni ko da harbi, na zaci yaji ake nufi, na kusa cewa a zuba da yawa, Allah ya taimake ni wani abokin aiki ya riƙe mini hannu.

Magein nan da aka naɗe ragonmu da shi, danginsa ne ake yin giyarsu tekila, a kuma tatsi ruwansa a yi wani abu kamar bammi. Haɗe-haɗensu na bakin teku yawanci da ita ne, amma in ka ce ba ka sha sai a yi maka naka babu ita ba tare da an ɓata rai ba. Biyu na koya. Abarba rabi, madarar kwakwa gwangwani ɗaya, ƙanƙara, a markaɗa, wannan asalinsa ma daga tsibirin Puwato Riko ne. Na biyun ya fi: mangwaro biyu nunannu, ruwan lemon tsami biyu, ƙanƙara, a markaɗa da kauri, a zuba kwaɓaɓɓiyar tsamiya a jikin kofi. Sirrin yana bakin kofin. A goga masa lemon tsami, a kifa a kan gishiri da garin barkono. Ki yi wa zoɓonki haka ki ƙara naira hamsin, in ba a saya ba ni zan biya.

A gaishe da Baba da kyau, a ce ina shan maganin sanyin, garin kan tudu yake, sama da mita 2,200, damina ma da rigar sanyi ake kwana. A gaishe da Yaya da iyalinsa, da Kawu, da Baba Ƙarami, da mutanen Funtuwa in sun zo. Gwaggo kuwa a gaishe ta sau goma. A ce mata ɗan gidanta bai rame ba, a nuna mata hoton da na turo, wanda nake tsaye, ba na zaunen ba. A ba ta hanta mai laushi tun kafin yaran nan su wawashe, kuma a ce na tuna alkawarin bargo, na riga na saya, mai ratsin ja da kore, ulu ne na gaske. In ta fara kuka a ba ta labarin 'yar tsanar. A gaishe da Malam na makarantar allo, da mai shayin bakin layi, a ce bashin nan na naira ɗari biyu ban manta ba. Yaran gida kowa goron Sallarsa yana wajen Yaya, kada ya ce muku ban aiko ba. Wanda ya je kallon hawa ya ɗauko mini jafi, ko minti ɗaya ne, da sauti. Mutuniyar ɗakin can kuma ta san nata saƙon daban yake.

Inna, in an gama suya gobe a cika mini 'yar robar nan mai shuɗin murfi a ajiye a ƙarƙashin gadonki, a rubuta sunana a jiki. Zan kwanta, ƙarfe 6 za a tone rami, an ce kowa ya zo da kwanonsa na romo.

Naku,
ɗanku na Teskoko