Zuwa ga masu sitidiyo da makaɗan da muke haɗa wa kwamfuta: maganar manhajar ofis

Assalamu alaikum, 'yan'uwa.

Daga wannan wata, duk kwamfutar sitidiyo da ta fita daga shagonmu ba za ta fita da Microsoft Office na sata ba. LibreOffice, wata manhajar rubutu da lissafi mai yin aikin Office, za mu riƙa saka muku, kuma ba za mu karɓi ko kwabo a kanta ba, domin mu ma kyauta muke samun ta. Mun san akwai waɗanda za su ɓata rai, shi ya sa muka ga ya dace mu yi bayani a rubuce, kada a ji a bakin wani.

Laifin farko namu ne. Shekara da shekaru, in mutum ya kawo kwamfuta, mukan saka masa manhajar haɗa kiɗa, FL Studio ko Cubase, mu daidaita masa katin sauti, sannan yaron shago ya ɗora Office da ɗan abin nan da ke kunna ta ba lasisi, don kawai kada a ce mun bar aiki rabi. Ba wanda ya taɓa tambayar me ke cikin ɗan abin. Sai da wani maigidan sitidiyo ya dawo mana da kwamfuta sau uku a kan ƙarar ƙas-ƙas da ke shiga murya in ana ɗauka. Muka canza waya, muka canza katin sauti, har muka zargi janareta. Ashe wata ɓoyayyiyar manhajar haƙar kuɗin kirifto ce ta biyo abin kunnawar, tana cin ƙarfin injin dare da rana. Mawaƙiya ta sake baiti ɗaya ya fi a ƙirga saboda sakacinmu. Ranar muka ji kunya ƙwarai.

To, me ya haɗa manhajar rubutu da tsagewar murya? Kwamfuta ba ta ɗaukar sauti a miƙe, gutsure-gutsure take tarawa tana miƙawa. In kuna ɗaukar ɗigon sauti 44,100 a daƙiƙa, kuka sa bafa, wato girman kowane gutsure, a ɗigo 256, injin yana da ƙasa da kashi 6 cikin 1,000 na daƙiƙa ya gama da kowane gutsure. In kuka sauke zuwa 128 don mawaƙi ya ji muryarsa a kunne ba jinkiri, lokacin ya koma kusan kashi 3. Duk abin da ya ja hankalin injin a wannan ɗan taƙin, ko sabunta kai ne, ko talla ce take saukowa, ko fayil ne ake turawa intanet, gutsuren zai makara, kuma makararsa ita ce ƙas ɗin da kuke ji. Don haka in muka ce manhaja marar nauyi, ba girmanta a faifai muke nufi ba. Abin da muke dubawa shi ne: in an rufe ta, ta rufu, ko kuwa ta bar 'ya'yanta suna kai-komo a bayan fage? Ko Office na halak yana barin hidimarsa ta sabuntawa a kunne, ga OneDrive, ma'ajiyar Microsoft ta intanet, a gefe yana jiran fayil. A kwamfutar ofis wannan ba komai ba ne. A ɗakin ɗaukar murya kuwa komai ne.

Sannan mu faɗi gaskiya, me mai sitidiyo yake rubutawa? Baitocin waƙa da za a buga a liƙa wa mawaƙi a gaban makirfo. Rasit. Takardar yarjejeniya tsakaninku da furodusan fim ko mai biki. Jadawalin wanda ya biya, da wanda ya ce sai an saki fim. Ba wanda ke buƙatar babbar mota don kai buhu ɗaya.

LibreOffice ta isa wannan duka. Wata gidauniya ce mai zaman kanta a Jamus, The Document Foundation, take kula da ita tun 2010, lokacin da masu aikin OpenOffice, manhajar da ta samo asali daga gare ta, suka ɓalle bayan kamfanin Oracle ya sayi Sun mai OpenOffice ɗin. Ba talla a cikinta, ba rajista, ba ta neman intanet kafin ta buɗe. Writer ne madadin Word, Calc madadin Excel, kuma tana buɗe fayilolin docx da xlsx tana adanawa a cikinsu, tana kuma fitar da PDF da dannawa ɗaya. Yadda muke saka ta shi ne muhimmi. Muna cire alamar da ke sa ta tashi tare da Windows, muna kashe sabunta kai, muna barin ƙamusoshi da harsunan da ba ku buƙata, kuma ba ma saka ƙarin manhajar nan ta Java, tunda rubutu da lissafi ba sa nemansa. In kun rufe ta, shi ke nan ta kwanta.

Akwai aibinta, ba za mu ɓoye ba. Takan ɗan yi nawa a buɗewar farko, musamman a tsohon faifai mai juyawa. Kuma in wani kamfani ya aiko muku da yarjejeniya mai tebur da kwalliya da yawa, wani layin kan goce daga inda yake. Maganin wannan: abin da za a sa wa hannu, ku nemi a aiko shi a PDF, ku ma ku aika naku a PDF. Don karanta PDF ɗin muna saka SumatraPDF, 'yar ƙarama ce, tana buɗewa kafin ka ɗauke yatsa.

Wanda kuma ya ce shi sam ba ya son a girka komai a injin kiɗansa, muna ganin girman wannan ra'ayi, kuma akwai LibreOffice Portable. A filas take zama, ka soka in za ka yi rasit, ka zare in ka gama.

Sauran da kuke tambaya. FreeOffice ta kamfanin SoftMaker ce a Nuremberg ta Jamus, tana buɗewa da sauri, fuskarta ta yi kama da Word, kuma ita muke ba wanda RAM ɗinsa bai wuce gigabait 4 ba. Sai dai tana son a yi rajista da imel a karɓi lambar kunnawa kyauta. WPS ta kamfanin Kingsoft na China da yawanku kun saba da ita a waya, kuma a waya ta dace ta zauna, don ta kyautar tana zuwa da talla da tayin biyan kuɗi. Google Docs na buƙatar manhajar shiga intanet irin Chrome a buɗe, shi kuwa Chrome da Kontakt, manhajar sautin kayan kiɗa, ba sa zaman lafiya a RAM ɗaya, ga kuma kuɗin data. Apache OpenOffice tana nan, amma tun 2014 take kan jerin 4.1, gyare-gyare kawai ake mata. AbiWord da Gnumeric da tsofaffin hannu ke yabo an daɗe da daina fitar da su don Windows. WordPad kuma, wanda wasunku ke rubuta baiti a ciki, Microsoft ta cire shi daga Windows 11 a sabuntawar 24H2, don haka kada ku zarge mu in kun neme shi kun rasa.

Abu ɗaya da muke jin daɗinsa: haruffanmu masu lanƙwasa. Mun sha ganin takardar waƙa da aka rubuta "kasa" ana nufin "ƙasa", mawaƙi ya tsaya yana lalube a tsakiyar ɗauka. Windows na da allon rubutun Hausa a cikinsa, muna kunna muku shi, kuma ƙ da ɗ da ɓ suna fita daidai a Writer matuƙar an zaɓi salon harafin da ke ɗauke da su. Za mu nuna wa yaronku, minti biyar ne.

Ga masu Windows 7 da suka ƙi rabuwa da ita saboda tsohon katin sauti: LibreOffice ta daina tafiya da ita daga sigar 25.8, don haka 25.2 za mu saka muku. Windows 10 ma Microsoft ta rufe tallafinta na yau da kullum ranar 14 ga Oktoba, 2025. Shawararmu ga ku duka ita ce injin kiɗa ya daina hawa intanet sai da dalili.

Duk wanda muka taɓa saka wa Office na sata, ya kawo kwamfutar mu cire shi, mu bincike ta, mu saka LibreOffice, ba za mu caji kuɗin aiki ba. Wanda kuma aikinsa lallai sai Word, ya sayi lasisi na halak, mu girka masa, amma gara a wata kwamfutar daban. Kafin ku taho, ku kwafe ayyukanku da samfuran sautinku a faifan waje, ku kuma rubuto lambobin lasisin filogin ɗinku, wato ƙananan manhajojin sauti da kuke ɗorawa a kan manhajar kiɗa, a takarda. Ku zo da safe in da hali, don aikin kan ɗauki awa biyu zuwa uku, kuma ranar Juma'a muna rufewa da ƙarfe goma sha biyu.

Allah Ya bar zumunci, Ya sa albarka a sana'a.

Naku,
Masu shago da yaran aiki