Amsa ga direban da ya tambaye ni batun jarin Japan a Tailan

Assalamu alaikum, ƙanena.

Ranar Asabar da ta wuce ka bugo waya a shirin rediyon da aka gayyace ni, saura minti biyu a rufe. Ka ce maigidanka ya sayi sabuwar Hilux, kai ke jan ta, kuma ka yi mamakin jin cewa a Tailan aka ƙera ta, ƙasar da kai dai da shinkafa ka san ta. Sai ka tambaya: jarin da Japanawa suka zuba a can, arziki ya kawo wa 'yan ƙasar, ko kuwa kura ce da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi? Ina buɗe baki mai gabatarwa ya nuna mini agogo. To ga amsar a rubuce.

Fara da gani da idonka. Nemi lambar cesis ta motar, mai haruffa da lambobi 17. In ta fara da MR0, 'yar Tailan ce. In ka ga AHT, daga Afirka ta Kudu ta fito. Ta Japan da JT take farawa, kuma da wuya ka ci karo da ita a Hilux ta zamanin nan. Su kansu Japanawa, wadda suke saya a gida daga Tailan ake kai musu.

Ba tausayi ne ya kai su can ba. Toyota ta kafa reshe a Tailan tun 1962, amma harhaɗawa kawai ake yi: a kawo mota a warwatse cikin akwatuna, a ɗaure ƙusoshi, a fesa fenti. Abin ya sauya ne a watan Satumban 1985, lokacin da ministocin kuɗin Amurka da Japan da Jamus ta Yamma da Faransa da Birtaniya suka zauna a otal ɗin Plaza da ke New York, suka amince a karya darajar dala. Kafin zaman, dala ɗaya tana sayen yen, kuɗin Japan, kusan 240. Zuwa ƙarshen 1987 ta dawo wajen 120. Duk abin da aka ƙera a Japan sai ya yi tsadar da ba ya sayuwa a waje, dole masu masana'antu suka bazama neman inda albashi ke da sauƙi. Suka dira a Tailan da Malesiya da Indunusiya.

Inda nake so ka tsaya shi ne abin da suka tarar. Tun 1975 gwamnatin Tailan ta ɗora wa masu harhaɗa motoci sharaɗin cewa kashi 25 cikin ɗari na kayan mota a cikin ƙasar za a yi su. Ta yi ta ƙarawa har ya kai kashi 54 ga ƙananan motoci. Ta kuma zaɓi mota guda ta mayar da hankali a kanta, wato a-kori-kura mai ɗaukar tan ɗaya, wadda manomi da ɗan kasuwa ke buƙata. Ta sassauta mata haraji, sannan ta matsa lallai a riƙa yin injinta a gida. Ta gina tashar jiragen ruwa ta Laem Chabang, wadda ta fara aiki a 1991, ta ja hanya da lantarki da ruwa zuwa lardunan Chonburi da Rayong. Ba a janye sharaɗin kayan gida ba sai a shekarar 2000, lokacin da masu yin kayan suka riga suka tsaya da ƙafafunsu.

Ka san abin da ke cikin mota fiye da ni. Kujera, gilashi, batir, taya, lagireto, salansa, wayoyin wuta, ga robobi barkatai. Kowanne masana'anta ce mai zaman kanta, kuma a nan aikin yi yake, ba a zauren da ake ɗaura su ba. Sharaɗin nan ya sa Toyota da Isuzu da Mitsubishi suka janyo masu yi musu kaya daga gida, su kuma suka shiga bai wa 'yan ƙasa ƙananan kwangiloli. Kwangilar Bajapane kuwa makaranta ce mai zafi: zai turo injiniyansa ya zauna a wurinka, ya auna abin da ka yi, ya dawo maka da shi in ya kauce ko da kaurin gashi ne, ya kuma ce gobe da ƙarfe takwas yake son kaya, ba takwas da rabi ba. Akwai kamfanin Thai Summit na wasu iyalai 'yan ƙasar, wanda da kujerun babur ya soma. A 2009 shi ya sayi Ogihara, tsohon kamfanin Japan mai yin ƙarafunan da ake buga jikin mota a kansu. Almajiri ya sayi allon malaminsa ke nan. A 2012 da 2013 Tailan ta ƙera motoci kusan miliyan biyu da rabi kowace shekara.

Saboda haka ban yarda da cewa bugu kawai suka sha ba. Amma gardi ma bai tashi a banza ba, kuma bari in nuna maka ta ina.

A ranar 2 ga Yulin 1997 kuɗin ƙasar, baht, ya faɗi warwas. Motocin da ake sayarwa a cikin gida suka sauko daga kusan 590,000 a 1996 zuwa ƙasa da 150,000 a 1998. Japanawa ba su gudu ba, wannan a yaba musu. Sun ƙaro kuɗi, sun juya akalar masana'antun zuwa fitar da motoci waje, wanda shi ne sanadin da taka ta iso hannunka. Sai dai 'yan ƙasar da suke tarayya da su bashi ya yi musu katutu, ba su da abin ƙarawa, don haka hannun jarinsu da yawa ya koma wurin baƙin. Har yau Tailan ba ta da wata mota mai sunanta da duniya ta sani. Shawarar wace mota za a yi, a ina, har zuwa yaushe, a Japan ake yanke ta. Zanen aro dai ba ya rufe katara. Malesiya ta gwada ɗinka nata, ta kafa Proton a 1983 da taimakon Mitsubishi, ta killace ta da haraji shekara da shekaru, ƙarshe a 2017 ta sayar wa Geely na China kusan rabin kamfanin. Ni a ganina Tailan ta fi ta cin riba, ko da yake na san masu musun haka.

Kada kuma ka ɗauka tarbar hannu biyu aka yi musu tun farko. A 1972 ɗalibai a Bankok sun yi gangamin ƙaurace wa kayan Japan. A Janairun 1974, da Firaministan Japan, Tanaka, ya zagaya yankin, an yi masa ihu a Bankok, a Jakarta kuwa har motocin Japan aka ƙona. Bayan wannan ne suka koyi tafiya a hankali.

Ka ce a ƙarshen kiranka, mu me ya hana su zuwa wurinmu? Ai sun zo. Masaƙar Arewa Textiles da ke Kakuri a Kaduna, gungun kamfanonin saƙa na Japan ne suka kafa ta a shekarun 1960, ta ci da dubban gidaje kafin ta rufe tare da 'yan'uwanta, da wuta ta gagara, baƙin mai ya yi tsada, atamfar fasa-ƙwauri ta cika kasuwa. Honda ta kafa kamfanin harhaɗa babura a Ota tun 1979. Farin magin da ke kicin ɗin gidanku ma, Ajinomoto, jarinsu ne. Abin da ba mu samu ba shi ne dandazon ƙananan masana'antun nan da ke kewaye babbar, masu kujera da batir da waya. Mai son ya yi wa Honda salansa, in sai ya sayi janareto ya haƙa rijiyar burtsatse ya jira kwantenarsa wata biyu a Apapa, ba zai iya kai kaya ƙarfe takwas ba. Dokar shigo da motoci kuwa, kowace gwamnati da tata.

Su ma 'yan Tailan yanzu hankalinsu ba a kwance yake ba. A 2024 Subaru ta daina ƙera mota a ƙasar, Suzuki ta sanar da rufe masana'antarta, Honda ta ce za ta tattara aikin motocinta wuri guda ta bar yi a Ayutthaya, inda ambaliyar 2011 ta taɓa shanye mata motoci sama da dubu. A Yulin 2024 ɗin ne BYD ta China ta buɗe tata a Rayong. Motar lantarki ba ta da salansa, ba ta da fiston, ba ta shan baƙin mai, saboda haka wanda ya shekara talatin yana yi wa Isuzu kayan inji sai ya sake lale. Gwamnatin ƙasar ta sake ɗauko tsohuwar dabararta: ta ce wa kamfanonin China duk motar da suka shigo da ita da rangwamen haraji, sai sun ƙera madadinta a cikin gida.

Ka duba lambar cesis ɗin, in an sake gayyata ta ka bugo da wuri. Ka gaishe da maigidan naka, Allah ya kiyaye hanya.

Wassalam.